Wane zubin haruffa ya dace da takardar shaidar sauka da littafin walima?

Magatakardan Islamiyya, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa masu sana'ar ɗab'i da zane, ina neman shawararku a kan wani aiki da aka ɗora mini. Ni ne magatakardan wata makarantar Islamiyya a nan Birnin Kebbi, kuma bayan Sallar Layya, in Allah ya kai mu, za mu yi walimar ɗalibanmu da suka sauke Alƙur'ani. Kwamitin makaranta ya ba ni alhakin shirya takardar shaidar da za a miƙa wa kowane ɗalibi, da kuma ɗan littafin da za a raba wa baƙi, mai ɗauke da tarihin makarantar da jawabin shugaba da sunayen masu sauka. Duk wannan da Hausar boko za a rubuta shi, sai ayoyi da addu'o'i da za su zo da Larabci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne haruffan da za a yi aikin da su. A shekarun baya, shagunan buga takardu sun saba rubuta mana kan takardar da waɗancan baƙaƙe masu ƙayoyi da ake kira Old English, sunan ɗalibi da Monotype Corsiva, sauran bayani kuma da Times New Roman. Iyaye da dama ba sa iya karanta kan takardar sai an karanta musu, ni kuma ban ga abin da ya haɗa wannan zubi da karatun Alƙur'ani ba. A wasu littattafai na ga wani nau'in haruffa da ya kwanta mini. Tsayayyu ne, kowane baƙi a ware yake, suna da 'yan ƙafafu a ƙarshen sandunansu kamar na Times, amma in ka ƙura musu ido sai ka ga kamar hannun mutum ne ya ja su da alƙalami, wani wuri da kauri wani wuri siriri. An ce mini Palatino ne, kuma Book Antiqua da ke cikin kwamfutar ofishinmu kusan irinsa ne.

Ina so in san abin da ke ba waɗannan haruffa wannan kama, domin in iya zaɓe da sani. Sa'annan, shin za su iya ɗaukar littafi gaba ɗaya, ko kuwa na kanun rubutu ne kawai? Akwai kuma matsala: da na gwada Book Antiqua, sai ƙ da ɗ da ɓ suka fito da wata siffa dabam, suka bambanta da 'yan'uwansu a kauri da tsayi. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malamin Zane, Ƙaura Namoda:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Magatakarda, Allah ya sa a yi taro lafiya, ya albarkaci karatun yaran. Idonka bai yaudare ka ba. Waɗannan haruffa daga alƙalami suka samo asali, kuma wanda ya taɓa zama gaban allo ya fi saurin gane su a kan wanda ya fara rubutu da biro.

Ka ɗauki alƙalamin kara wanda aka fiƙe bakinsa da faɗi, ka riƙe shi yadda bakin zai karkata kamar digiri 30 daga layin rubutu, sa'annan ka zana da'ira ba tare da ka juya shi a hannunka ba. Za ka ga da'irar ta yi kauri a gefe biyu ta sirance a gefe biyu, kuma wuraren da ta sirance ba a tsakiyar sama da tsakiyar ƙasa suke ba, sun ɗan goce, ɗaya yana sama ta hagu ɗaya yana ƙasa ta dama. Ba danna alƙalami ka yi ba, ba kuma sassautawa ka yi ba, faɗin bakinsa ne kawai ke cika wuri idan ya tafi ta wata fuska, ya bi ta kaifinsa idan ya tafi ta wata. Wannan gocewar ita ce babbar alamar haruffan da kake magana a kai. Ka ƙara girman baƙin o na Palatino har ya cika fuskar kwamfuta, za ka gan ta ƙarara. Ka jera shi da o na Bodoni, zubin da wani maɗabi'i Ba'italiye, Giambattista Bodoni na birnin Parma, ya yi fice da shi a ƙarshen ƙarni na 18: shi siririn wurinsa yana tsaye cak sama da ƙasa, ƙafafunsa kuma miƙaƙƙun layuka ne kamar gashi. Palatino ka ga sawun hannu a jikinsa, Bodoni kuwa sawun ma'auni.

Su ma ƙafafun ba ado ne da aka liƙa daga baya ba. A ƙananan baƙaƙe, wurin da alƙalami ya sauka kan takarda da wurin da ya tashi ne suka zama ƙafa, shi ya sa za ka ga kan n da l da d yana da ɗan gangare maimakon ya kwanta a miƙe. Manyan baƙaƙe kuma daga rubutun da Rumawa ke sassaƙawa a jikin dutse aka gaje su, wanda ya fi shahara shi ne na gindin hasumiyar sarki Trajan a birnin Rum, ta shekarar 113 miladiyya. Marubutan hannu na Italiya a ƙarni na 15 su suka haɗa waɗannan manyan baƙaƙe da ƙananan da suke rubutawa da alƙalami mai faɗi, kuma da ɗab'i ya iso ƙasar, wani Bafaranshe mai suna Nicolas Jenson ya zuba wannan hannu a ƙarfe a birnin Benis a 1470. A 1501, a wannan birnin dai, maɗaba'ar Aldus Manutius ta fito da haruffan da suka karkata, waɗanda muke kira rubutun tsutsa, Francesco Griffo ne ya sassaƙa su.

Shi Palatino ɗan baya-bayan nan ne idan aka kwatanta da waɗannan. Wani Bajamushe, Hermann Zapf, wanda aka haifa a 1918 ya rasu a 2015, shi ya zana shi a ƙarshen shekarun 1940, kamfanin zuba haruffa na Stempel ya fitar da shi a Frankfurt. Zapf marubucin hannu ne kafin ya zama mai zana haruffan ɗab'i, da kansa ya koya wa kansa riƙon alƙalami ta hanyar littattafai, kuma sunan da aka sa wa zubin na wani gwanin rubutun hannu ne da ya yi zamani a Rum a ƙarni na 16, Giambattista Palatino. Lokacin da aka yi shi Jamus ba ta daɗe da fita yaƙi ba, takardar da ake samu ba ta da kyau, don haka ya buɗe cikin baƙaƙen ya faɗaɗa su yadda tawada ba za ta cike su ba. Wannan dalili kaɗai ya isa ya sa mu da muke bugu a kan takarda mai araha mu dube shi da idon basira. Ka lura da babban P ɗinsa, cikinsa bai rufe gaba ɗaya ba, an bar 'yar kafa a inda alƙalami zai tashi. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke taruwa su ba shafi rai, ko da mai karatu bai san sunansu ba. Da farko an fi nufin Palatino da kanun rubutu da tallace-tallace, har Zapf ya zana masa ƙane mai ƙarancin kauri, Aldus, a 1954, domin cikin littafi. Amma masu ɗab'i suka ga yana karantuwa sosai a dogon rubutu, suka riƙa buga littattafai da shi har yau. Book Antiqua na kamfanin Monotype ne, yana zuwa tare da Microsoft Office, kuma ya yi kama da Palatino ƙwarai.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce e, zai ɗauki littafin gaba ɗaya. A nan ne ya bambanta da Monotype Corsiva. Ita ma daga alƙalami ta fito, daga hannun magatakardan Italiya na ƙarni na 16, amma an bar mata jela da lanƙwasa a manyan baƙaƙenta, don haka layi ɗaya ko biyu take iya ɗauka kafin ido ya gaji. Abin da ke ba ni takaici a katunan gayyata da nake gani shi ne a rubuta suna gaba ɗaya da manyan baƙaƙenta, jela ta hau jela, sunan amarya ya gagari karatu. Waɗancan manyan baƙaƙe an yi su ne domin su buɗe kalma, ƙanana su biyo baya.

Shawarata ita ce ka tsaya a gida ɗaya, wato zubi ɗaya. Kan takarda da manyan baƙaƙe, a ɗan buɗe tazarar da ke tsakaninsu, bayani da ƙananan baƙaƙe, addu'a ko fassarar aya da rubutun tsutsa na wannan zubin. Kada ka yarda a ja haruffan a tsawaita su ko a matse su domin su cika wuri, domin da zarar an yi haka kaurin da sirantar sun bar inda alƙalami ya ajiye su, abin da ya ja hankalinka tun farko kuma ya tafi.

Mai Ɗab'i, Gusau:

Salamu alaikum. Malamin Zane ya yi bayanin da ni kaina na ƙaru da shi, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan yi magana ne daga gaban inji, domin abin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta ba kullum yake fitowa haka a takarda ba.

Da farko ina so in ɗan kare Times New Roman, don na ji kamar ana neman a raina shi. A 1932 aka yi shi domin jaridar The Times ta Landan, kuma an matse shi ne da gangan saboda ya ɗauki kalmomi da yawa a siririn layin jarida. Palatino ya fi shi faɗi. Ma'anar wannan a wurinka, Malam Magatakarda, ita ce rubutun da ya cika shafi goma da Times zai haura haka idan ka mayar da shi Palatino a girma ɗaya, kuma kowane ƙarin shafi kuɗi ne idan aka ninka shi da yawan littafin da za a buga. Ban ce ka fasa ba. Ni ma na fi son ganin shafin Palatino, ya fi sakewa, dattijo ya fi jin daɗin karanta shi. Amma ka faɗa wa kwamiti tun yanzu, kuma ka sani cewa littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya, ƙarin shafi ɗaya yana iya jawo ƙarin falle guda.

Game da girma, tun da iyaye da kakanni za su karanta, kada ka sauka ƙasa da lamba 11, kuma lamba 12 ta fi mini. Ka bar sarari tsakanin layuka, musamman da yake Hausa na da baƙaƙe masu ƙugiya da ke miƙewa sama. Idan da firintar ofis ko injin hoto za a buga, siraran wuraren haruffan ne ke fara ɓacewa idan hoda ta yi ƙasa, sai ka ga e ta zama c. Don haka a gwada shafi ɗaya a kan ainihin injin da ainihin takardar kafin a saki aikin. Takarda mai giram 80 ta isa cikin littafi, mai giram 70 kuwa rubutun baya yakan leƙo ta cikinta. Takardar shaida kati take so, daga giram 250 zuwa sama.

Akwai wani abin da masu walima ke so wanda ba ya jituwa da irin waɗannan haruffa, wato farin rubutu ko ruwan zinariya a kan kore mai duhu ko baƙi. Tawadar da ke kewaye takan ɗan malalo ta cinye siraran layukan, musamman a ƙananan rubutu. Idan dole sai an yi haka a bangon littafi, a yi da manyan haruffa masu gwaɓi, a bar ƙananan bayanai a kan fari. Haka ma banar da za a rataye a ƙofar makaranta: mai wucewa a kan babur ne zai karanta, don haka a sa masu gwaɓi, a rage kalmomi.

Batun Old English kuwa, ba mu muke cusa wa mutane ba. Abokan ciniki ne ke nuna shi da yatsa, saboda sun saba ganinsa a takardun shaidar manyan makarantu, a ganinsu shi ne alamar takarda mai daraja. Idan mai aiki ya zo da abin da yake so a fayyace, babu mai shagon da zai ƙi. Abin da nake roƙo kawai shi ne ka kawo aikin a PDF wanda haruffan ke cushe a cikinsa, domin idan ka kawo shi a Word kuma kwamfutar shagon ba ta da zubin da ka zaɓa, za ta musanya shi da wani ba tare da ta tambayi kowa ba, shafuka su rikice. Idan a manhajar zane ta CorelDraw aka haɗa takardar shaidar, a mayar da rubutun ya zama zane kafin a kai wurin bugu, amma a ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba saboda gyaran suna.

Malamar Hausa, Argungu:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai. Ni tambayar Malam ta ƙarshe ce ta kawo ni, kuma a ganina ita ya kamata a fara warwarewa kafin a yi maganar kyau, domin zubin da ba shi da ɓ da ɗ da ƙ bai isa ya rubuta Hausa ba, komai kyansa a Turanci.

Abin da ya faru a kwamfutarku, Malam, shi ne zubin da kuka zaɓa ba a zana masa waɗannan baƙaƙe ba, sai manhajar ta je ta aro su daga wani zubi ta cike gurbin. Shi ya sa suka fito bare a cikin kalma. Dalilin yawan faruwar haka yana cikin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane baƙi na duniya lambarsa. Baƙaƙenmu ba sa cikin rukunin farko da harsunan Turai ke amfani da shi, kuma ba ma a wuri ɗaya suke ba: ƙ da Ƙ da Ɓ da Ɗ suna wani rukuni, ƙananan ɓ da ɗ kuma suna cikin rukunin alamomin masana furuci. Mai zana haruffa da ya yi aikinsa domin kasuwar Turai yakan tsaya tun bai kai can ba. Times New Roman na sababbin Windows yana da su, wanda hakan ƙarin dalili ne da ya sa ake yawan komawa gare shi.

Wasu sukan ce a bar ƙugiyar kawai, ai Bahaushe zai gane. A saƙon waya wataƙila a yi uzuri, amma ba a takardar da yaro zai ajiye tsawon rayuwarsa ba. Littafin da ya buɗe da maraba da baki maimakon baƙi ya riga ya kunyata makarantar tun shafin farko, kuma ɗalibin da sunansa Ɗahiru ko Ƙasimu yana da hakkin ya ga sunansa daidai. Tun zamanin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939 ake fama da samar wa Hausa kayan ɗab'in da suka dace da ita, bai kamata mu da abin ya zo wa da sauƙi mu yi sakaci ba.

Wani abin da zai ba Malamin Zane sha'awa, in bai riga ya sani ba: shi wannan Hermann Zapf yana da hannu a tarihin rubutun harsunanmu. A 1981 masaniyar harshe Kay Williamson ta gabatar da shawarar a samar da jerin baƙaƙe guda ɗaya da zai wadatar da harsunan Nijeriya. Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki aikin, aka fitar da jeri mai baƙaƙe 33 wanda ya ƙunshi masu ƙugiyar Hausa da masu ɗigo a ƙasa na Yarbanci da Ibo, kuma a tsakiyar shekarun 1980 Edward Oguejiofor da Victor Manfredi suka zana haruffan tare da taimakon Zapf. Ke nan tun wancan lokaci an fahimci cewa ƙugiya aikin gwanin alƙalami ce.

Zubin da nake amfani da shi wajen shirya wa ɗalibaina takardu, wanda kuma nake ganin ya dace da buƙatarku, shi ne Gentium. Victor Gaultney ya zana shi lokacin da yake karatun zanen haruffa a Jami'ar Reading ta Ingila, ya fito a farkon shekarun 2000, ƙungiyar SIL mai aikin nazarin harsuna ce ke kula da shi, kuma tun asali an yi shi ne domin harsunan da ke da baƙaƙe na musamman irin namu. Yana da wannan kama ta alƙalami da kuke nema, kuma kyauta ne ƙarƙashin lasisin da ya halatta a buga a sayar, don haka babu batun satar fasaha a aikin da ya shafi Alƙur'ani. Akwai nau'insa mai ɗan ƙarin kauri, Gentium Book, wanda ina jin zai fi jure irin injinan da Alhaji mai ɗab'i ya ambata. Idan kun fi son wanda bai kai shi lanƙwasa ba, akwai Charis na wannan ƙungiyar, wanda aka gina a kan zubin Charter na Matthew Carter.

Ko wanne kuka ɗauka, ku gwada shi kafin ku amince. Ku rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ a layi ɗaya, a tsaye, da gwaɓi, da kuma rubutun tsutsa, domin akwai zubin da ke da su a tsaye amma babu a sauran. Sa'annan ku dubi ƙugiyar ku kwatanta ta da kan baƙin f na wannan zubin. Idan an yi aikin da kyau, za ku ga kauri ɗaya da lanƙwasa ɗaya, kamar alƙalami ɗaya ne ya ja su a zama ɗaya. Ku duba kuma kalmomi irin su ɗiya da haɗi, inda ƙugiyar ɗ ke leƙawa dama, ku tabbatar ba ta ci karo da ɗigon i ba. A manyan baƙaƙe, ƙugiyar Ɓ da Ɗ tana hagu, don haka a farkon layi ku ga ba ta sa baƙin ya yi kamar ya shige ciki ba. Mu a Nijeriya 'y muke rubutawa, 'yan'uwanmu na Nijar kuma ƴ, kuma tun da Kabi na maƙwabtaka da Dosso, wataƙila a samu wanda zai kawo muku suna da ita. Gentium na da ita, amma ku zaɓi hanya ɗaya ku bi ta har ƙarshen littafin.

Magatakardan Islamiyya, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na sauke Gentium Book na yi gwajin da Malama ta faɗa, baƙaƙen duka sun fito daidai da 'yan'uwansu, kuma zan kai shafi ɗaya wurin mai bugu kamar yadda Alhaji ya ba da shawara. Saura abu ɗaya. A saman takardar shaidar za a sa Basmala da hadisin falalar wanda ya koyi Alƙur'ani ya koyar da shi. Da na ɗora Larabcin da ke cikin kwamfutar a kan bokon, sai na ga kamar ba su san juna ba, Larabcin ya yi ƙanƙanta ya yi siriri. Wane zubin Larabci ne zai zauna da wannan bokon, ganin cewa yawancin yaranmu da Warshu suka sauke?

Ɗan Tsangaya, Gwandu:

Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ni ba masanin kwamfuta ba ne sosai, rubutun allo da zayyana na gada, amma wannan tambaya ta shigo gonarmu.

Abin da kuka gani yana da dalili. Alƙalamin boko a sandunan tsaye yake zuba kauri, na Larabci irin na Gabas kuwa a layukan kwance yake zuba shi, alif ɗinsa siriri ne. Bayan haka jikin baƙaƙen Larabci ya fi na boko ƙanƙanta idan aka ba su lamba ɗaya, don haka dole a ƙara wa Larabcin girma har sai ido ya ga nauyinsu ya zo daidai, kada a dogara da lambar. Idan hannun Gabas kuke so, akwai Amiri, wanda Khaled Hosny ya zana bisa haruffan tsohuwar maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, kyauta ne kuma ya dace da boko mai kamar alƙalami.

Amma tun da yaran da Warshu suka yi karatu, idonsu ya saba da hannunmu na nan, mai kauri, wanda fa ke ɗaukar ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ita waccan ƙungiya da Malama ta ambata ta fitar da wani zubi mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun Kano, da wani mai suna Harmattan domin ajamin Afirka ta Yamma. Alkalami na da nauyi ƙwarai, don haka idan shi za ku sa, layin bokon da ke ƙarƙashinsa ya zama mai gwaɓi, kuma a bar sarari mai kyau a tsakaninsu. Ko wanne aka yi amfani da shi, a ba alaramma ya duba kowane wasali da kowane ɗigo a kan takardar gwaji kafin a buga, domin kwamfuta takan gusar da wasali daga mazauninsa.

Ina da wata shawara, in kwamiti zai karɓa. A nan ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar ya yi rubuce-rubuce, har yanzu ba a rasa masu kyan hannu ba, kuma na tabbata a cikin malamanku akwai irinsu. Ku sa ɗaya ya rubuta Basmalar da hadisin da alƙalamin kara a kan farar takarda, da tawada mai baƙi sosai, a ɗauki hotonsa da injin sikana a ɗora a saman takardar. Wurin sunan ɗalibi kuma a buga shi da boko, a bar layi a ƙarƙashinsa domin malaminsa ya rubuta sunan da ajami da hannunsa. Idan za a yi haka, a gaya wa mai ɗab'i tun farko kada ya kawo kati mai sheƙi, domin tawadarmu ta gawayi da ƙaro ba ta kama shi, takan taru ta goge. Kati marar sheƙi za a nema, a gwada alƙalamin a gefen guda ɗaya, a bar shi ya bushe, a shafa da yatsa a gani kafin a sayi sauran.